Kafin Wuƙar Likita: Magungunan Da Ake Gabatarwa Kafin Tiyatar Sankarar Dubura

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau maganar za ta taɓa wurin da ba a saba ambata a bainar jama'a ba, saboda haka iyayenmu da malamanmu da ke kusa da rediyo ku yi mana afuwa. Za mu ambaci dubura, za mu ambaci bahaya, domin a nan cutar take zama, kuma nauyin bakin faɗin sunanta yana cikin abin da ke sa ta yi nisa kafin a kai ta asibiti.

Cutar ita ce sankarar dubura, wato ciwon dajin da ke tsirowa a ƙarshen babban hanji, a ɗan sashen nan da bai wuce santimita 15 ba kafin mafita. Ga abin da ke yawan faruwa. An yi gwaji, an tabbatar da cutar, likita ya ce sai an yi tiyata, sannan ya ƙara da cewa ba yanzu ba. A fara zuwa gashi da hasken na'ura, a karɓi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar, a dawo bayan wata biyu ko uku, wani lokacin ma har wata shida. Nan take hankalin dangi ya tashi. Wani ya ce ja mana rai ake yi. Wani ya ce abu yana cin mutum a ciki ana cewa a jira? Wasu ma sai su kwashi majinyacinsu su nufi inda za a yanka shi a makon nan.

Wannan jinkirin magani ne, kuma abin da aka yi a cikinsa shi ke yanke yadda tiyatar za ta kasance da yadda mutum zai rayu bayanta. Sai dai hanyoyin sun kasu, kowace tana da ribarta, tana kuma da abin da take karɓa daga jikin mutum. Su za mu bi a yau.

Da farko, me ya sa tiyatar wannan wuri take da wuya? Saboda matsatsi. Dubura tana can ƙasa cikin kwarin ƙashin ƙugu, mafitsara na gabanta, ga mahaifa da al'aura idan mace ce, ga jijiyoyin da ke riƙe fitsari da waɗanda ke ba namiji kuzarinsa suna bi ta gefenta. A ƙarshenta kuma akwai tsokar da ke tsuke baki, wadda ita ce ke ba mutum ikon riƙe bahaya har ya kai banɗaki. Likitan tiyata yana so ya cire cutar kakaf, yana kuma so ya bar duk waɗannan lafiya, a wurin da da ƙyar hannunsa ke juyawa.

A shekarar 1908 wani likitan Landan, Ernest Miles, ya fito da tiyatar da ake cire dubura baki ɗaya har da mafitarta, a ɗinke wurin, a buɗe wa hanji ƙofa a jikin ciki inda bahaya zai riƙa zuba cikin jaka har ƙarshen rayuwa. Ta ceci mutane da yawa, har yau ma ana yin ta. Amma shekaru da dama bayan haka cutar ta ci gaba da dawowa a ƙugu ga kusan mutum ɗaya cikin huɗu, wani wurin ma fiye, kuma dawowarta a nan azaba ce mai wuyar magani.

Wanda ya gano inda gizo ke saƙa shi ne Bill Heald, likita a garin Basingstoke na Ingila, a 1982. Ya lura cewa dubura tana naɗe cikin wani kitse mai ɗauke da kaluluwa da hanyoyin jini, kitsen kuma yana cikin wata siririyar fata. Ƙwayoyin cutar a cikin kitsen nan suke fara ɓuya. Idan likita ya yaga fatar, ko ya bar wani ɓangaren kitsen, to ya bar iri. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya ga yadda yake lallaɓa maɗaciya ya cire ta daga hanta ba tare da ta fashe ba, don ya san in ta fashe nama ya ɓaci. Haka Heald ya koyar a ciro dubura da kitsenta a dunƙule. A hannunsa dawowar cutar a ƙugu ta sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100.

Akwai mai duba aikin likitan tiyata, ko da yake majinyaci ba ya ganinsa. Abin da aka ciro ana kai shi ɗakin gwaji, likitan da ke can ya shafa masa tawada a bayansa, ya bar shi ya ƙame cikin ruwan magani, sannan ya yayyanka shi fale-fale. Sai ya sa a madubin ƙara girma ya auna tazarar da ke tsakanin cutar da tawadar. In tazarar ta wuce milimita 1, an ce gefe ya fita tsaf. In ba ta kai ba, haɗarin dawowa ya ƙaru sosai. Phil Quirke na birnin Leeds ne ya nuna muhimmancin wannan awo a 1986. Kusan duk maganin da ake yi kafin tiyata, neman wannan milimitar ake yi, a janye cutar daga gefe don wuƙa ta bi ta lafiyayyen nama.

To, bari mu shiga hanyoyin. Ta farko ita ce gajeren gashi: kwana 5 a jere, kullum sau ɗaya, da haske mai ƙarfi. Majinyaci zai kwanta a kan gadon na'ura, an riga an yi masa 'yan ɗigo a fatar ƙugu don a riƙa saita shi daidai wuri ɗaya kullum, sau da yawa kuma akan ce ya sha ruwa ya riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana ture ƙananan hanji daga hanyar hasken. 'Yan mintoci ne, ba ya jin zafi a lokacin, ya tashi ya tafi. A ƙasar Suwidin an gwada wannan a kan mutum 1,168, aka fitar da sakamako a 1997. Waɗanda aka yi wa tiyata kawai, cutar ta dawo wa kashi 27 cikin 100 a ƙugu. Waɗanda aka fara gasawa, kashi 11. Sai aka ce, ai a lokacin ba a bin salon Heald, wataƙila da an ƙware a tiyata ba a buƙatar gashi. Mutanen Holan suka horar da likitocinsu a kan sabon salon, suka sake gwajin da mutum 1,861. Bayan shekara 10, dawowar cutar ta kasance kashi 11 ga masu tiyata kaɗai, kashi 5 ga masu gashi da tiyata. Ke nan ko a hannun gwani, gashi yana rage dawowa da rabi.

Amma binciken Holan ɗin nan ya faɗi wata gaskiya da ya kamata a riƙa gaya wa majinyata. Jimillar tsawon rai bai bambanta ba tsakanin rukunin biyu. Sannan naman da aka gasa ba ya warkewa da wuri. Cikin waɗanda aka cire wa mafita aka ɗinke wurin zama, kashi 29 na masu gashi sun sami matsalar rauni, ko ya buɗe ko ya yi ruwa, alhali marasa gashi kashi 18 ne. Da aka bibiyi waɗanda aka haɗa musu hanji bayan wasu shekaru, kashi 62 na masu gashi suna fama da kuɓucewar bahaya, kaɗan ko da yawa, marasa gashi kuma kashi 38. Matsalar saduwar aure ma ta fi yawa a cikinsu, maza da mata. Ga macen da ba ta gama haihuwa ba, gashin ƙugu yakan tsayar da al'ada ya kashe ƙwai. Shi ya sa ba kowa ake gasawa ba. Wanda cutarsa ƙarama ce, ba ta huda bangon hanji ba, ba ta taɓa kaluluwa ba, kai tsaye ake kai shi tiyata.

Hanya ta biyu ita ce dogon gashi: zuwa sau 25 zuwa 28, cikin mako biyar da 'yan kwanaki, ana haɗawa da kemo kaɗan, yawanci ƙwayoyin sha, don ya ƙara wa hasken kaifi. Daga nan a huta makonni kafin tiyata. Jamusawa ne suka tabbatar da cewa gara a yi shi kafin wuƙa da a yi shi bayanta. A bincikensu na 2004 mai mutum 823, dawowar cutar ta kasance kashi 6 in an yi kafin tiyata, kashi 13 in an yi daga baya, kuma wahalar maganin ta fi sauƙi ga na farkon. Dalili a fili yake: kafin tiyata hanyoyin jini ba su yanke ba, magani yana isa wurin, sannan hanjin da aka gasa shi ne za a cire a yar, ba wanda aka ɗinka ake jiran ya warke ba.

To tsakanin gajere da dogo wanne ya fi? A ƙasar Folan an kwatanta su. Dogon gashi ya fi narkar da ƙari, har kashi 16 aka duba ba a ga ƙwayar cuta ko ɗaya a abin da aka ciro ba, alhali a gajeren da aka bi shi da tiyata nan take kashi 1 ne kacal. Duk da haka yawan waɗanda suka tsira daga jakar dindindin kusan ɗaya ne, kashi 58 a dogon, 61 a gajeren, tsawon rai ma haka. Ina so a riƙe wannan, domin wasu sukan ɗauka cewa da zarar ƙari ya motse an rabu da maganar jaka. Idan cutar ta riga ta ci tsokar da ke tsuke baki, motsewarta ba ta mayar da tsokar yadda take.

Akwai kuma batun lokacin jira, wanda shi ne ya fi damun dangi. A da, bayan gajeren gashi cikin mako guda ake tiyata. Mutanen Suwidin suka sake wani bincike da aka fitar a 2017, suka ga cewa in aka jira mako 4 zuwa 8, matsalolin bayan tiyata suna sauka daga kashi 53 zuwa 41, kuma cutar ba ta ƙara dawowa saboda jiran ba. Hasken yana ci gaba da aiki a jiki bayan an bar na'ura, kumburin da ya haddasa kuma yana buƙatar lokaci ya saɓe. Sai dai jira ma yana da iyaka. A Faransa an kwatanta jiran mako 7 da na mako 11 bayan dogon gashi, sai aka ga masu mako 11 sun fi samun matsala, tiyatarsu ta fi wuya, domin naman ƙugu ya fara tauri yana mannewa. Saboda haka ranar da likita ya sa, a girmama ta. Kada a matsa masa ya gaggauta, kada kuma a ɗaga ta saboda biki ko girbi.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, muna tare da ku a filin kiwon lafiya, muna magana kan magungunan da ake gabatarwa kafin tiyatar sankarar dubura.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu yana tsare ƙugu ne. Amma abin da ya fi kashe masu wannan cuta shi ne ta tsallaka hanta ko huhu. Maganin wannan kemo ne mai ƙarfi, wanda a da sai bayan tiyata ake bayarwa, lokacin da mutum ya galabaita, da yawa ma ba sa iya kammalawa. Sai aka yi tunanin a tattaro komai gaba, gashi da cikakken kemo, tiyata ta zo ƙarshe. Wani babban bincike mai suna RAPIDO, wanda aka gudanar a ƙasashe 7 kan mutum sama da 900 masu cuta mai haɗari, ya bi gajeren gashi da kemo na mako 18. Sakamakon da ya fito a 2021 ya faranta rai: waɗanda cutar ta ɓace ƙurmus daga abin da aka ciro sun ninka, daga kashi 14 zuwa 28, yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki ta ragu daga kusan kashi 27 zuwa 20, matsalolin tiyata kuma ba su ƙaru ba. Faransawa ma da nasu tsarin, mai fara kemo sannan dogon gashi, sun sami irin wannan nasara. Sai dai da aka cika shekara 5 ana bibiyar mutanen RAPIDO, an ga dawowar cutar a ƙugu ta fi yawa a sabon tsarin, kashi 10, tsohon kuma kashi 6. An ci riba ta wajen hanta da huhu, an ɗan yi asara ta wajen ƙugu. Har yanzu likitoci suna muhawara a kan dalili.

Shi kansa kemon yana da nasa nauyin. Ɗaya daga cikin magungunan, oxaliplatin, yana taɓa jijiyoyin yatsu. Mutum zai ɗauki kofin ruwan sanyi ya ji kamar lantarki ya ja shi, ko iskar hunturu ta buge shi ya ji maƙogwaro ya shaƙe. Ga wasu, mutuwar yatsun takan daɗe bayan an gama magani, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tela ko mai saƙa.

Wasu kuma suka tambaya, shin za a iya barin gashin gaba ɗaya? A 2023 aka fitar da sakamakon binciken PROSPECT, wanda aka yi akasari a Amurka da Kanada kan mutum sama da 1,100. Rukuni ɗaya an gasa su kafin tiyata, ɗayan kuma an ba su kemo kaɗai na kusan wata uku, ba a gasa kowa cikinsu ba sai wanda ƙarinsa ya ƙi motsewa ko ya kasa jure kemon, kuma waɗannan ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Bayan shekara 5, dawowar cutar a ƙugu ba ta kai kashi 2 ba a duka rukunan. Waɗanda ba a gasa ba sun fi samun daidaiton bahaya da na saduwar aure. Wannan labari yana da daɗin ji a ƙasashenmu, inda na'urorin gashi ba su da yawa, inda mutum zai baro garinsu ya tafi Zariya ko Sakkwato ko Abuja ko Yamai ya bi layi. Amma a yi hattara. Mutanen da aka zaɓa a binciken nan masu matsakaiciyar cuta ne, wadda ba ta sauko kusa da mafita ba, ba ta kuma kusanci gefen da muka ambata ba. Hanyar sanin haka ita ce hoton MRI na ƙugu. A ganina duk kuɗin da iyali za su kashe a kan wannan cuta, babu wanda ya fi na wannan hoto amfani, domin a kansa ake gina duk shawarar da za ta biyo baya. Ina kuma ganin gajeren gashi ya cancanci a riƙa tattauna shi da majinyatanmu, don mai kwana biyar a baƙon gari ba ɗaya yake da mai mako shida ba, gurbin mutum ɗaya a na'ura kuma zai ishi mutum biyar.

Yanzu ga wurin da nake roƙon a kasa kunne sosai. Tunda magani yakan share cutar ga wasu, shin dole ne a yi musu tiyata? Wata likitar tiyata a ƙasar Birazil, Angelita Habr-Gama, ta fitar da rahoto a 2004 cewa cikin majinyata 265 da aka yi wa dogon gashi, 71 ba a ga alamar cuta a jikinsu ba, sai ta bar su ba tiyata tana sa musu ido, kuma sun yi kyau. Da farko an yi mata ca, yau kuwa manyan asibitocin duniya suna bin wannan hanya. Amma sa idon nan aiki ne ja. Duk bayan wata uku ko huɗu a shekaru biyun farko, likita zai duba da yatsa, a zura na'ura mai kyamara, a riƙa maimaita hoton MRI. Bayanan da aka tattara daga ƙasashe da dama a 2018 sun nuna cewa mutum ɗaya cikin huɗu cutarsa tana sake tsirowa cikin shekara biyu. Yawancinsu ana ceto su da tiyata saboda an kama ta da wuri.

Abin da ke faruwa a wurinmu daban ne. An gama gashi, jini ya tsaya, ciwo ya lafa, mutum ya fara cin tuwo yana mayar da jiki, sai ya ce Alhamdulillahi na warke, ranar tiyata ta zo ba a gan shi ba. Sai bayan shekara a dawo da shi ranga-ranga, cutar ta manne da ƙashi ko ta cika hanta. Tsayawar jini ba shaidar warkewa ba ce. Ko a tsari mafi ƙarfi da muka ambata, kusan mutum bakwai cikin goma akwai sauran cuta a jikinsu bayan magani. Likita ne kaɗai, bayan ya duba da na'ura, zai iya cewa wane yana cikin waɗanda za a iya jira.

Akwai wani sabon magani da ke zaburar da garkuwar jiki. A 2022 asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka ya ba da rahoton mutum 12 da aka ba dostarlimab, dukansu cutar ta ɓace ba gashi ba tiyata. Yana aiki ne kawai a kan wani nau'in sankara mai wata tawaya ta musamman a ƙwayoyin halittarta, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin yawancin mutane. Na ambace shi ne saboda binciken da likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife suka yi tare da wancan asibiti, wanda ya fito a 2021, ya nuna wannan nau'in ya fi yawa a sankarar hanjin 'yan Najeriya da aka gwada fiye da ta Amurkawa. Binciken ya kuma nuna majinyatanmu sun fi ƙuruciya, kuma kusan rabinsu a dubura cutar take. Ke nan ɗan shekara arba'in da ke ganin jini ko majina a bahaya, yana yunƙuri yana jin bai gama ba, yana ramewa, kada ya shekara yana shan jiƙon basir. Basir gaskiya ne, amma yakan zauna tare da sankara a jiki ɗaya, kuma duba da yatsa na minti ɗaya yakan gano ƙarin da ke ƙasa.

Sai maganar jaka, wadda ita ce ke korar mutane da yawa daga asibiti. Iri biyu ce. Idan an cire cutar an haɗa hanji can ƙasa, ɗinkin yakan yi yoyo ga kusan mutum ɗaya cikin goma, yoyon kuma yana iya kisa. Don haka likita yakan buɗe ƙofar wucin gadi a ciki, musamman ga wanda aka gasa, bahaya ya bi ta nan har ɗinki ya warke, bayan 'yan watanni a rufe. Bayan an rufe ɗin ma sai an yi haƙuri, domin ma'ajiyar bahaya ta tafi. Mutum zai iya zagayawa sau da yawa a jere, ko ya ji matsuwar da ba ta jira. Yakan yi sauƙi cikin shekara ɗaya ko biyu, ga wasu kuma ba ya gushewa. Ɗaya jakar ita ce ta dindindin, ga wanda cutar ta ci tsokar mafita. Ina faɗa da babbar murya cewa wanda aka matsa wa likitansa ya haɗa masa hanji a wurin da bai kamata ba, ya koma ba ya iya zuwa kasuwa ko masallaci don tsoron abin da zai kuɓuce masa, ya fi mai jaka shan wahala. Mai jaka yana noma, yana tafiya, yana zaman aure, rigarsa ta rufe komai. Game da alwala da salla kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin hukuncin mai lalurar da ba ya iya riƙewa, irin mai yoyon fitsari, kuma akwai sauƙi a ciki. A je wa malami da tambayar tun kafin ranar tiyata, a kuma nemi ma'aikaciyar jinya ta sa alamar inda za a buɗe ƙofar alhali mutum yana tsaye, yana zaune, yana sunkuye kamar mai ruku'u, don kada ta faɗa kan lanƙwasar ciki ko mazaunin tazuge.

Lokaci ya cim mana.  Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. 

(Kiɗan rufe shiri)